Kukan Jigon Baba

Tun ina ƙarami ba a barina da abu mai motsi a ɗaki ɗaya. In an fita an dawo, sai a tarar abin ya zama guda goma, ni kuma ina zaune a tsakiya ina rantsuwa na san inda kowanne zai koma. Kakata ta Rabah, wadda ta raine ni, takan ce da ana buɗe cikin jaki a rufe, da tuni na leƙa na ga abin da ke sa shi kuka. A can na yi elemantare, zamanin Turawa, na fito da karatun Hausa sosai da Turanci ɗan cikin cokali. Da na isa aure aka maido ni Wurno, gidan mahaifina, na kafa rumfar gyaran keke a bakin kasuwa. Kekunan garin a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, saboda haka ina da lokaci, kuma lokaci a hannun mutum irina fitina ne.

Abin da ya ƙarasa lalata ni wasu tsofaffin mujallu ne. Wani direban babbar mota mai ɗaukar kaya daga Goronyo ya kawo mini su, ya ce a hannun kukun wani Bature ya karɓo, yana hura wuta da su. Rabin shafukan sun riga sun tafi ƙarƙashin tukunya, amma hotunan da suka rage sun ishe ni. Ga jirage masu kama da tulu suna ratsa taurari, ga mutane sun kifa tukwanen gilashi a kai suna yawo a kan wata, ga wani ƙaton mutumin ƙarfe yana ɗauke da gida a tafin hannunsa. Rubutun ba na gane ko kashi ɗaya cikin goma, don haka na ƙago labaran da kaina. Bayan la'asar nakan zauna a zauren gidanmu in ba samari labarin mutanen wata, da irin gonakinsu, da yadda mutumin ƙarfe ke yi musu huɗa ba ya neman fura. In an tambaye ni abin da ban sani ba, sai in duba takardar in yi shiru kamar ina karantawa, sannan in ba da amsa.

Ban tsaya ga baki ba, har da hannu. Na haɗa wa Inna, mahaifiyata, mafici na ƙafar keke don hura wuta, ya kwashe tokar murhu ya juye a miyar kuka. Na ja zare daga rumfata zuwa gida da gwangwani biyu don in riƙa magana da matata, akuya ta cinye zancen tun bai isa ba. Na kuma yi madubin hangen nesa da gora da gilasan tsohon tabarau, ranar duban watan azumi na rantse na gan shi, har an fara murna, sai aka gane ƙarzuwa ce a jikin gilashin. Daga ranar aka laƙaba mini Injiniya, ba kuwa don girmamawa ba.

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ana riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya ma yi mini magana kai tsaye. In yana da saƙo sai ya ba Baffa, ƙanensa, ko da ina tsugune a gabansu: a gaya wa wancan kaza. Ni kuma in na zo gaisuwa idona na ƙasa, na fi sanin yatsun ƙafar Baba da fuskarsa. Inna ma haka, ranar miyar toka matata ta yi wa faɗa, ta ce ta isar wa mai shi. Lokacin da nake ba da labaran wata a zaure, Baba yakan kwanta can gefe a kan buzunsa, ya juya mana baya. Na ɗauka barci yake, ko kuwa kunyar haihuwar irina ce ta sa shi juyawa.

Baba manomin albasa ne. Gidanmu na ƙarshen gari, daga bayan katanga fadama ta fara, garkarsa kuwa ba ta fi tafiyar shan fura ba. Da rani shi da Baffa ke ban ruwa da jigo. Ga wanda bai taɓa gani ba, gwafanni biyu ne a kafe a bakin rijiya, an gicciya sanda a kansu, an ɗaure doguwar gora a jikin sandar. Gefe ɗaya na gorar curin yumɓu ne, ɗaya gefen igiya da guga. Mai jigo ya ja igiya guga ya nutse, ya sassauta nauyin yumɓu ya ɗago shi, ya juye a magudana. Baba ke ja, Baffa kuma na can cikin fangullan albasa da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya yana toshewa.

Jigon kowa a fadamar nan yana ɗan ƙara, amma na Baba kuka yake yi. Sandar na juyawa cikin gwafannin, busasshen itace kan busasshen itace, in guga zai sauka ya ja wata doguwar ƙara siririya, in ya taso cike ya yi nishi mai kauri, in ya iso baki ya ce ƙwat. Da hantsi har cikin gida ana ji. Matan unguwa da shi suke sanin lokacin ɗora koko. Ni kuwa kullum na ji sai haƙorana su yi tsami, ina cewa a raina, gari guda a ce ba wanda ya san amfanin mai.

A shekarar da nake ba da labari, maganar raba Baba da jigo ta yi ƙarfi a gida. Inna ta matsa wa Baffa ya karɓi igiyar, a nemo wani ya riƙe fartanya, tsoho ya zauna ya huta. Na ji Baffa ya gwada faɗa masa a zaure, a hankali, yana kewaye-kewaye. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce duk ranar da aka karɓe masa jigo, a wuce da shi wurin mai ɗinkin likkafani a auna shi gaba ɗaya, kada a yi tafiya biyu. Bai faɗa da wasa ba, Baffa ma bai yi dariya ba.

Maganar ta tsaya mini a rai. Ina son mutumin nan ƙwarai, ko da yake ban da hanyar faɗa masa, shi ma ba shi da ta ji. Na zauna na yi nazari irin namu na masana, na yanke cewa ƙarfi ne ya fara gaza masa. Ai na lura kullum da safe yana tafiya garka hannunsa a kan gadon bayan jakinsa, na ce gajiya ce. Na lura ya daina fara gaida mutane a hanya sai sun yi magana, na ce tsufa ne. Magani kuwa a sauƙaƙa masa jigo, Inna ta rasa abin faɗa. Na fara da zana mutumin ƙarfe mai jan igiya, na cika shafi huɗu, sai na duba rumfata na ga abin da na mallaka sarƙar keke biyu ne da kararrawa. Na sauko zuwa jigo mai feda, shi ma ya gagara. Daga ƙarshe na roƙi direban nan ya cika mini gwangwanin madara da giris, baƙin man nan da yake shafa wa ƙarafan motarsa.

Ranar Juma'a da aka watse daga fadama aka tafi masallaci, na yi sauri na zaga garka. Na ɗaga sandar na shafe cikin gwafannin, na shafe sandar kanta, ban bar komai a gwangwani ba. Na ja igiya, guga ya sauka sumul, ya taso sumul, ko ƙwat babu. Na tsaya ina ja ina saki kamar sau ashirin don daɗi kawai. Ban gaya wa kowa ba, so nake Baba ya ji sauƙin a hannunsa ya tambayi Baffa wane ne, Baffa ya ce wancan ne. A makare na isa masallaci, na sami sahun ƙarshe da baƙin mai a hannun riga.

Washegari Baffa ya yi sammako zuwa Sisawa wurin suna. In haka ta kama yakan buɗe hanyoyin ruwan tun jiya, Baba ya yi ta zubawa shi kaɗai. Baba ya dafa jakinsa ya tafi, ni kuma na buɗe rumfa na zauna ina jiran yabo.

Abin da ya faru a gida matata ce ta ba ni labari daga baya. Inna ta wanke gero, ta kasa kunne, shiru. Ta ɗora tukunya, shiru. Hantsi ya ɗaga, jigon kowa na ɗan motsi, na mijinta ko tari. Shekara talatin ba ta taɓa jin wannan shirun da rani ba sai ranar da aka yi rasuwa. Ta ajiye ludayi ta ce wa matata ta leƙa ta katanga ta tambayi maƙwabta ko sun ji jigo. Maƙwabciya ta tambayi ta gaba, ta gaba ta aika wa mijinta cewa ba a ji jigo ba kuma Baffa ba ya nan. Kafin zancen ya iso kasuwa Baba ya faɗa rijiya, kafin ya kai rumfar mahauta har an fito da shi. Ina zaune na ga mutane na wucewa da sauri, wani da igiya, wani da tsani, kowa ya dube ni sai ya kau da kai. Wani dattijo ya tsaya ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, dukkanmu can za mu. Na bi su a guje da sifana a hannu, ban ma san ina riƙe da ita ba.

A gaban ayarin akwai maƙwabcin garkarmu, wanda suka shekara goma suna faɗa da Baba kan iyaka. Shi ya fi kowa ɗaga murya, yana tafe yana shaida cewa bai taɓa ganin mutum mai gaskiya irinsa ba, iyakar nan ma tun asali tasa ce, a rubuta a ajiye. Muka karyo kwanar masarar wani, sai ga Baba tsaye a bakin rijiya da ransa. Maƙwabcin ya yi turus ya ce zancen iyaka dai a bar shi yadda yake tukuna.

Aka fara dariya, sai dariyar ta mutu. Baba a jiƙe yake sharkaf tun daga hula har ƙafa, magudana kuwa a bushe. Jigon da na gyara ba ya jira, da an sassauta sai yumɓun ya fizge guga sama, ya yi lilo, ya watsar da ruwan inda ya ga dama. A lokacin igiyar ta kuɓuce masa tana reto a gabansa, bai fi taki ɗaya da hancinsa ba, shi kuwa ya miƙa hannu biyu yana lalube a iska can gefe. Mutum kusan arba'in suna tsaye, wasu har sun fara duban sama kamar masu neman hadari. Ni kaɗai, mai ilimi, na buɗe baki.

"Baba, ga igiyar nan gabanka, ba ka gani ba?"

Hannuwansa suka tsaya a inda suke, sannan ya sauke su a hankali. Ya juya wajen da ya ji muryar maƙwabcin nan ya ce don Allah a matso masa da jakinsa. Aka matso da shi, ya dafa, mutane suka buɗe hanya, ya wuce ta tsakiyarsu ruwa na ɗiga daga rigarsa.

Da la'asar Baffa ya dawo, ya je garka ya shafa gwafa ya sansana yatsansa, ya zo rumfata. Bai zage ni ba, da ya zaga da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a kan akwatin kayan aikina ya ce:

"Kai a ganinka duk hwadamag ga ba wanda yas san a sa ma jigo kitse? Shekara ukku ke nan idanunai sunka tahi. Da kunne shika ɗibar ruwa, kukan nan shi ka hwaɗa mai guga ya cika, shi ka hwaɗa mai ya iso baki. Mun bar mai jigonai shi yi ta kuka, mu ko munka yi kurum, har mai hwaɗa da shi kan iyaka. Kai ɗai na ba ka sani ba, mai ganin wata tun bai tsaya ba."

Na ce me ya sa ba a gaya mini ba. Ya ce abin da gari duka ya haɗu ya ƙi faɗa, wa zai faɗa wa mai ba da labari a zaure? Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Garin gyaran gira na taɓa ido, idon ma na mahaifina.

Baba bai sake fita ba. Ba wanda ya karɓe masa jigo, shi ya bari, don abin da ake rufa masa an riga an faɗa a bainar jama'a, kuma ɗansa ya faɗa. Yana zaune a ɗaki, ko zaure ba ya zuwa, tuwo ana kaiwa ana dawowa da fiye da rabi. Inna da ta yi shekara tana neman ya huta, yanzu ita ke zagaye ƙofarsa tana cewa albasa fa ta fara kwanciya. Baffa ya karɓi igiya, aka ba ni fartanya, na shayar da fangali ɗaya sau uku na bar na kusa da shi da ƙishirwa.

Na ce tunda ni na kashe kukan, ni zan tashe shi. A nan na gane cewa sa abu ya yi shiru wasan yara ne. Na wanke gwafannin da toka, na dirje da kanwa da ruwan zafi, na goge da yashi har tafin hannuna ya saluɓe. Giris ya riga ya shige cikin itacen. Iyakar abin da na samu wani ɗan tsit-tsit ne kamar ɓera a rumbu. Na zuba tsakuwa, ya yi gurnani sau biyu ya koma shiru. Baffa na kallona yana cewa wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa, an ɓata da gyara, ana kuma gyara gyaran. Daga baya ya tausaya ya ce sandar kirya ce, Baba ya saro ta wajen Rabah tun ban iya tafiya ba, gwafannin kuwa sai dai a sake su.

Gwafanni ba su yi wuya ba, muka kafa sababbi. Sandar ce ta kai ni Rabah a keke, wurin wani masassaƙi. Ya tambaye ni ta turmi nake so ko ta ƙotar gatari, na ce wadda ke kuka nake nema. Ya dube ni, ya dubi kekena, ya matsar da gizagonsa nesa da ni. Na yini a gindin tarin itacensa ina goga wannan a jikin wancan, kunnena a manne. Mutanen da suka san ni tun ina yaro suka taru suna kallo, wata tsohuwa ta ce dama tun ranar da na kwance fitilar kakata ta san nan za a ƙare. Na ɗauro sanduna uku a bayan keke na dawo, sau biyu ina faɗuwa a yashi.

Ta farko bebiya ce. Ta biyu ta yi ƙara irin ta ɗan kwikwiyo da aka taka, Baffa ya ce in cire kafin karnukan gari su taru. Ta uku da na ɗora na ja igiya, sai ta ja dogon kuka, guga ya taso ta yi nishi, ya iso baki ta ce ƙwat. Ba irin na da ba ne, ya fi kauri, kuma yana da wata 'yar shaƙewa a tsakiya. Amma kuka ne, har maƙwabcin iyaka ya ɗago kai daga cikin albasarsa.

Na roƙi Baffa ya bar mini igiyar. Washegari tun da sassafe na kama ja, ina yi da ƙarfi don a ji a gida. Ban iya ba, nakan ɗago guga rabi, in juye rabin rabin a ƙafata. Rana ta farko ba wanda ya zo. Ta biyu matata ta ce Baba ya fito tsakar gida ya zauna, ya karkata kai wajen katanga, yana tsaki. A rana ta uku, kwana goma sha ɗaya ke nan da abin da na yi, ina cikin ja na ji Baffa ya daina sara. Na waiwaya, ga jaki tafe, ga hannu a kan gadon bayansa.

Ya tsaya a bayana ya saurara har na ɗago guga uku. Ina jira ya ce wa Baffa a gaya wa wancan, sai na ji ya ce:

"Kai. Ba haka aka yi ba. Kana jan shi awa mai kai akuya kasuwa. Bari shi gama magana tukuna, kannan ka juye. Ba ni igiyar nan."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin ya ce mini kai ba. Na sa masa igiyar a tafin hannu, na kuma ɗaga ido na dubi fuskarsa sosai, abin da ya kamata in yi shekara uku da suka wuce. Idanun sun yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Ya ja sau ɗaya a hankali, kansa a karkace, ya sake ja. A na uku ya tari gugan daidai kan ƙwat ya juye, ruwa ya bi magudana ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Ya ce wa Baffa wannan jigon baƙo ne, muryarsa daban, amma za su saba.

Na ɗauki takalmana zan tafi kafin hawaye su kunyata ni, sai ya sake magana, bai daina ja ba.

"Mutanen nan naka na wata, masu tukwane bisa kai. Da jigo suka ban ruwa?"

Na ce ban sani ba, Baba, takardar ba ta faɗa ba. Shi ne karo na farko da na amsa tambaya a kan mutanen wata da gaskiya.

"To in Allah ya kai ka, ka bar musu abinsu yadda ka ishe shi."

Baffa ya yi dariya har ya zauna a cikin albasa. Baba ya ƙara rani huɗu a kan jigon nan, kuma kowace shekara in za a kafa shi ni yake sa a kira, in ɗora sandar, ya ja ya saurara ya ce ta yi ko ba ta yi ba.